Baturen da ya zauna a wurin Baba

Talata, bayan isha'i, unguwar Gardole

Kalas, an gama, shafin shagonmu ya hau intanet! Na sha fama da ɗaukewar wuta da rashin rezon waya, amma yau da hantsi na danna, sai ga laffayoyinmu da turaren wuta reras a waya. Don murna na tura wa dangi kaf, ban ko sake dubawa ba.

Ashe da sauran aiki. Samfurin shafin da na zaɓa ya zo da hotunansa, na canja duka na manta guda: wani Bature cikin kwat riƙe da kofi, ga sunan Baba a ƙarƙashinsa. Dama Baba ya hana a ɗauke shi hoto, wai kaya za a saya ba fuskarsa ba.

Da la'asar ƙanensa ya kira daga Damagaram. "Yaya, shagon gadonmu ka sayar wa Nasara ba ka faɗa mini ba?"

Nan da nan na buɗe shafin, sai ga Baturen. Baba ya karɓi wayata, ya daɗe yana kallon mutumin, sai ya tuntsire da dariya.

"Hadiza, har Damagaram ake ganin abin nan?"

Na ce, "Har Makka ma, Baba."

Ya shige ɗaki, ya fito cikin babbar rigarsa ta Idi. "To ɗauke ni, kuma kantar laffaya ta fito."

Na ɗauke shi, na sa hotonsa a wurin na Baturen. Yanzu haka ina jiyo shi a tsakar gida yana kiran Inna, wai ta zo ta ga yadda ya kori Bature daga shagonsa.