Na'urar da ta gano abin da ke kayar da Asabe

Zuwa ga Shugaban asibitin da ya duba matata, Jalingo.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ni tela ne a Majidaɗi. Matata Asabe tana sayar da kifin banda da take sarowa daga Lau. Tun bara ta fara suma ba gaira ba dalili. Tana tsaye tana ciniki sai ta zube, ta farka kamar ba abin da ya faru. Wata rana ta faɗi dab da murhu har zanenta ya kama wuta. 'Yan uwa suka ce iska ce, maƙwabta suka ce farfaɗiya, wasu ma suka daina sayen kifinta.

A asibitinku aka yi mata awon zuciya ba a ga komai ba, domin lafiyarta ƙalau a lokacin. Sai likita ya ce akwai 'yar na'ura da ake manna wa mutum a ƙirji, ya tafi gida da ita tana naɗar bugun zuciyarsa. Asabe ta suma da ita a jiki, ranar kuwa na yi murna da sumanta. Na'urar ta nuna zuciyarta kan dakata na ɗan lokaci. Kun tura mu wani babban asibiti aka sa mata batirin zuciya, tun daga nan ba ta sake faɗuwa ba. A sunan jikarmu ita ta tuƙa tuwo, ta yi rawa har na ce ta zauna. Ta ce, “Malam, kai ka zauna, ni na gama zama.”

Amma ina da ƙorafi.

Na farko, na'urar guda ɗaya ce. Mun yi watanni muna jiran layi, a cikin jiran nan ne wutar ta kusa cin ta.

Na biyu, ranar farko namiji aka turo ya manna mata. Asabe ta ja mayafinta ta ƙi, muka koma gida, layinmu ya wuce. Da aka sake kiran mu, aka yi mana bayani da Turanci cikin sauri. Ba mu gane cewa ba a cire ta a ajiye ba, ƙaiƙayi ya dame ta, ta ɓamɓare ta sa a cikin kwano, aikin ya lalace. Sai a karo na uku wata nas ta zaunar da mu, ta yi mana bayani da Hausa da Fulatanci, sannan abin ya yiwu.

Roƙona shi ne a ƙaro na'urorin, a sa mace ta riƙa manna wa mata, a kuma yi wa kowa bayani da harshen da yake ji. Akwai wata mai tuyar ƙosai daga Abbare da muka yi layi tare. Har yau tana jira, kuma kullum da safe tana tsaye gaban mai mai zafi.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara maka lafiya da basira.

Wassalam.

Mijin Asabe mai kifi,
Majidaɗi, Jalingo.