Tsumman da na cusa a rufin ɗakin Baba

Yaya,

Mun wuce asibiti da Baba. Da na kai masa shayi, na tarar da shi kwance ba ya amsawa, gawayi na ci a kasko, ɗakin ya turnuƙe.

Laifina ne. Tun da aka gina masa sabon ɗakin nan yake kukan sanyin da ke shigowa ta kafofin rufi. Kafinta ya ce a kare su da katako, a bar wa iska hanya. Na kasa jira, jiya na toshe su duka da tsumma.

Ka zare tsumman don hayaƙin ya fita, kada yara su shiga ɗakin.

Ka taho da bargonsa. Ya ɗan buɗe ido, wai sanyi yake ji.