Motar Ƴan Lakwal da Buhun Hatsi

Malam Mumuni, don Allah ka ba ni shawara, kaina ya ƙulle. Ni ba mai kai kuka ba ne, shi ya sa na ɓoye sunana.

Shekara biyu na yi a kwalej, mahaifina ya rasu, na fito. Daga wankin mota na fara har na mallaki babbar mota tawa, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Bara da anka buɗe lakwal, wato makarantar boko, na ga yaran ƙauyen Takanamat da sunka ci jarrabawa suna shigowa Tawa, wasu bisa raƙumi, wasu a ƙasa, ƙafa duk ta tsage. Na tuna tawa tafiyar. Sai na kai motar wurin kafinta, ya yi mata rufi, ya kafa benci, na sa anka rubuta a goshinta da Faransanci cewa ta ƴan lakwal ce. Ranar da na fito da ita, a tasha, gaban jama'a, na ce wa Ma'azu, wanda ya koya mini tuƙi, ya ci gaba da jigilar awaki, ni manyan gobe zan ɗauka. Kowa ya yi dariya ban da shi. Ai gaskiya na faɗa.

To ka san halinmu. Yaron ƙauye ba ya sauka gidan mai masauki hannu banza. Uba zai haɗa shi da buhun hatsi da man shanu, mai hali ya ƙara akuya, kuma tare za su shiga zaure, yaro gaba, hatsi baya, don matan gida su gani.

Tafiyar farko jandarma sunka tare ni bakin gari, wai takardar motar ta kaya ce, mutane ba su hawa. Na buɗe mata ƙofa ta biyu, na sa matakala, anka mayar da ita ta mutane. Sannan anka ce tunda na rubuta ta ƴan lakwal, wannan aji ne daban: yara da akwatunansu kaɗai, ba dabba, ba buhu. Na ce to a mayar da ita ta kaya. Wai mai kafaffen benci ba ta kaya ba ce.

Na je na yi wa iyaye bayani. Wani dattijo ya ce gara ɗansa ya zauna kiwo da ya shiga gidan mutane kamar maraya, sauran sunka gyaɗa kai.

Hutu ya kusa ƙarewa, mota na ajiye, kaji na kwana ƙarƙashinta. An gargaɗe ni, in an sake ganin buhu ko ɗaya cikinta, za a karɓe ta. Matata Kadidiya ta ce in cire bencin in koma jigilar albasa. In na yi haka, da wane ido zan shiga tasha? Yaran kuma fa?

Mai Mota Ajiye, Tawa

Amsa

Ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce, amma ba zan yaudare ka ba: ba za a sauya maka doka kafin buɗe lakwal ba. Kuma ba don ƙeta aka yi ta ba. Ka fi ni sanin gangaren duwatsun Adar. Buhu ya zame kan yaro a can, ba bayanin da za ka yi wa uwarsa. Su ma iyayen ba taurin kai suke yi ba. Yaron da zai ci tuwon wani gida shekara guda, wannan buhun ne mutuncinsa.

Hanya ɗaya na gani, kuma ƙunci gare ta: yara a motarka, hatsi da awaki a motar kaya tana biye, ku isa ƙofar mai masauki tare. Wa ke da motar kaya a wannan hanya? Kai ka ambace shi. Ka ce ba wanda ya ɗaga ka, alhali wani ya ɗora hannunka kan sitiyari. A tasha ka muzanta shi, can za ka ba shi haƙuri, gaban mutanen da suka yi dariya.

Yana iya ƙi, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ko ya yarda, mota biyu a tafiya ɗaya ba ta barin riba. Idan ya ƙi, ka bi maganar Kadidiya. Ɗaukar albasa ba abin kunya ba ne, wulaƙancin shi ne a ja motarka kana kallo. Amma ka kwance bencunan a hankali, ka jingine su inda ruwa ba ya taɓawa, kada ka bari a yi itacen girki da su.

Allah ya sassauta maka, ya tausasa zuciyar Ma'azu, ya kai yaran nan aji lafiya, ko bisa raƙumi ne.

Mumuni