Makulli a Ɗamarar Kofur

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma da sauƙi, sai dai Baba ba ya gida.

Kin san tun da Saje ya yi ritaya ba a turo wani ba. Kofur ne kaɗai ɗan sandan garin nan, shi ke kamu, shi ke share ofis. Ranar Talata Baba ya yi cacar baki da maƙwabcinmu mai gyaran keke a kan kwata, har ya ɗaga sanda. Kofur ya ce zai ajiye shi a sel zuwa la'asar, zuciyarsa ta huce. Kafin la'asar mota ta zo ta ɗauke Kofur, wai ana neman ƙarin hannu a birni. Makullin yana rataye a ɗamararsa.

Wayarsa a kashe take. Na je hedikwata, suka ce wanda ya kulle shi ne zai buɗe. Na tambayi inda zan kai ƙarar Kofur, suka ce in fara da ofishin garinmu.

Ta tagar baya nake miƙa wa Baba abinci da maganin suga, sai na taka bokiti nake kaiwa. Masu kawo ƙara shi kaɗai suke tararwa a ofis, shi kuwa ya saurara ya yanke hukunci. Jiya ya raba rigimar akuya. Mai gyaran keken ma kullum yana gindin tagar, suna tsokanar juna.

Ki kwantar da hankalinki.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, wannan karon ba labarin dariya ba ne.

Ciwon nan na yatsan ƙafar Baba ya ruɓe. Ni da nake waje ina jin warin. Nas ta zo ta taka bokitin, hannunta bai kai ƙafarsa ba. Na roƙi mai walda, ya rantse ba zai taɓa kwaɗon gwamnati ba, yana da iyali. Ban ga laifinsa ba. Na yi ta jira, kin san halina, har Baba ya daina amsa masu ƙara.

Mai gyaran keken ne ya ajiye zartonsa a gabana, ya juya baya. Na yanke kwaɗon da rana tsaka, kowa yana gani.

Baba yana asibiti. Likita ya ce da an kawo shi da wuri, yatsa kawai za a cire. Yanzu maganar ƙafa ake yi.

Naki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi.

Kofur ya dawo a rame. Da ya ji labarin Baba sai da ya yi ƙwalla, ashe ya ma manta da mutum a ciki. Amma an yi masa waya daga sama a kan kwaɗon, kwaɗon kaɗai suka tambaya. Ya sa sabo, ya kulle ni a sel, ya ce mini, "Zuwa la'asar ne kawai, Auta, don su ga na yi wani abu."

Ɗazu motar ta sake zuwa. Ta tagar na hango shi yana hawa, ya ɗaga musu hannu yana nuna ofis, suka ja shi ciki.

Ki zo ki zauna da Baba, gobe za a yi aikin. In kin biyo ta nan, bokitin yana gindin taga.

Ƙaninki,
Auta