Lissafin Jiya Na Tura wa Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan yana neman cinye ni.

Na karanci ilimin yanayi, aiki bai samu ba, na dawo gida Bagudo. Don kar karatun ya ruɓe sai na rubuta 'yar manhaja a kwamfutata. Kullum da safe takan ɗauko bayanan balan-balan ɗin awo da ake saki a wata tasha can ƙetaren iyaka, zafi da danshin iska hawa-hawa, ta lissafa ko sama a shirye take ta haɗa hadari. Yayana Sambo, mai kai 'yan kasuwa garin Lolo a kwalekwale, da farko dariya yake min, wai hancinsa ya fi kwamfutata. Da ya ga ina dacewa, sai ya daina duban gabas ya koma duban waya. Ni kuwa har kaina ya kumbura.

Ran nan na tura masa cewa ba alamar hadari, ya tafi abinsa. Da la'asar iska ta kife jirgin. An ceto fasinjoji, shi sai washegari aka samu gawarsa. Bayan sadakar bakwai na buɗe kwamfutar, na tarar bayanan ranar ba su iso ba, manhajar ta ɗauki na jiya ta lissafa, ba ta ce min komai ba. Kuma ni na rubuta ta haka. Matarsa Safina takan ce ai ko na'ura ba ta gani ba, sai in sunkuyar da kai. Abokan sana'arsa har yau suna kirana da safe don jin yanayin ranar, na kasa ɗagawa. In faɗa wa Safina, ko in mutu da shi a ciki?

Mai Nadama, Bagudo

'Yata, Allah ya jiƙan Sambo. Ba zan ce ba ki yi kuskure ba, kin yi. Amma kin fi ni sanin cewa awon safiya daga tasha mai nisa yiwuwa kawai yake nunawa, ko da na ranar ne. Kuskure kika yi, ba kisa ba.

Safina tana da haƙƙin sani, sai dai ki bari ta fita takaba, ki tafi da wata babba a gidanku. In ta yi fushi, ki ba ta lokaci.

Manhajar kuwa ki gyara ta, ranar da bayanai ba su zo ba ta fito ta ce ba ta sani ba. Gobe ki ɗaga wayar abokan sana'arsa, ki faɗi abin da kika gani, ki ce su dubi gabas da idonsu kafin su kwance jirgi. Shirun manhaja ya ruɗe ki, kar shirunki ya ruɗe su. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya tsare na kan ruwa.