Masu Haure da Shanun Lado

Kibiya, Nuwamba 2003

Zuwa ga uwargida Hajiya Barakatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai jego Ramlat da jaririyar da duk mutanen Kaduna. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa shafa maganin kike yi, ba ƙasan jaka kika tura shi ba yadda kika saba. Mu nan lafiya lau, an gama yankan dawa.

Kin tuna raɗe-raɗin da aka yi ta yi kafin tafiyarki, wai akwai samari a Rano da ke ƙulewa a zaure suna jefa wata ƙwaya irin ta ludo mai fuska ashirin suna kiran aljanu? Na ce miki ƙarya ce, tun da aka ƙaddamar da Shari'a duk wanda ya ga mutum uku sun haɗa kai sai ya ce caca ce ko tsafi. To na janye rabin maganata. Aljanu dai babu, amma ƙwayar akwai ta, kuma a zaurena take. Wannan mijin naki Abdulmuhaimin, jikan da kika shagwaɓa, shi ya kwaso ta daga jami'a.

Wasan ashe tatsuniya ce da aka ɗora wa doka. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya ce ga abin da zai yi, sai ƙwaya ta yanke ko ya dace. Mu da muka tashi a gaban kakanni ba mu taɓa neman izinin ƙwaya ba kafin kura ta faɗa rijiya.

Liman, Malam Zakiyyu, ya zo da kansa ya zauna ya kalla. Bai ga an zuba komai ba, ya ce ba caca ba ce, amma ƙwayar ba ta kwanta masa ba. Sai yaran suka koma rubuta lamba a 'ya'yan tsamiya suna zara daga hula. Abin da ya fi damunsa wasu halittu ne a littafin wasan, Masu Haure, wai tun a cikin uwa mugaye ne, babu na kirki ko ɗaya, kashe su ma lada ne. Liman ya ce ko aljanu akwai masu imani a cikinsu, kuma babu jaririn da ke zuwa duniya da zunubi a hannu. Mijinki ya ce ai wasa ne kawai.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Wai don mutanen Kibiya su gane labarin, sai ya ba Masu Haure sanda da garke, ya zaunar da su a bayan gari, ya sa suna shiga gonakin mutane. Alhali Hammadu, ɗan abokina Lado na rugar Fammar, yana zaune cikinsu da ɗan tsamiyarsa a hannu! Yaron ya ajiye shi a tabarma, ya yi sallama ya fita. Tun ranar ko ƙwaryar nono ba ta ƙara shigowa gidan nan ba.

Ki gaida kowa da kowa.
Naki, Malam Ɗantala.

Kibiya, Disamba 2003

Zuwa ga Hajiya Barakatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku da ta jaririya. Takardarki ta iso ta hannun direba. Na ga inda kika ce yaro ne, kada in takura masa. Yaron da gemunsa ya kusa kamo nawa.

Kin fi kowa sanin abin da ke tsakanina da Lado. Tun zamanin iyayenmu, da an kwashe amfani shanunsu ke sauka a gonarmu ta Fammar, su ci kara su bar mana taki. Ba a taɓa aikawa a roƙa ba, zuwa kawai suke yi. Bana kara ya bushe yana tsaye, gona shiru. Ke kin san ƙasar nan, in ba ta sha kashin shanu ba, baɗi sai dai mu girbe ƙaiƙayi. Amma wallahi ba dawar ce ta fi ci mini rai ba.

Na hau keke na tafi rugar. Da ma Lado ya zage ni da na ji daɗi. Ina! Ya shimfiɗa mini buzu, ya tambayi lafiyarki, da ta Ramlat, da ta awakinmu ɗaya bayan ɗaya. Da na taɓo maganar ya ce babu komai, ai yara ne. Kin san in Lado ya ce babu komai, to komai ɗin ne gaba ɗaya. Can da zan tashi, yana kallon ƙasa, ya ce bana yana jin wajen Tarai za su yi, an ce karan can ya fi laushi. Karan Tarai! Hajiya, yaushe kara ya fara laushi gari-gari?

Na dawo na tsare mijinki. Ya rantse bai nufi kowa ba, kuma na yarda, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce labari ba ya daɗi sai da mugun da za a sara ba tare da an tsaya bincike ba. Na ce masa ko kura da muke zagi a tatsuniya sai ta ci amana tukuna ake dukanta. Ya ce ban fahimci tsarin ba. Na ce to a koya mini.

Ki yi mana addu'a, ki kuma daina aiko masa da kilishi.
Naki, Malam Ɗantala.

Kibiya, Janairu 2004

Zuwa ga Hajiya Barakatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida. Na ji an ce jaririya ta fara murmushi, Allah ya raya ta.

Kada ki yi dariya. Ranar Juma'a bayan la'asar ni na karɓi wurin mai ba da labari. Na aika wa Hammadu cewa dattijo na kira, na san tarbiyyar gidansu ba za ta bar shi ya ƙi ba. Ya zo ya rakuɓe a bakin ƙofa. Liman ma ya zo, wai sa ido.

Na ce yau kowa Mai Haure ne, ban da Hammadu, shi ne jarumin gari mai takobi. Suka yi ta gunaguni. Na kora su da garkensu kan burtalin da kakanninsu ke bi, suka tarar an nome hanyar an shuka gero. Abdulmuhaimin ya ce nasa Mai Hauren zai je ya yi sallama ya nemi a ba su wuri su wuce. Na ce madalla, jarumi ya hango haure, zari ɗan tsamiya, Hammadu. Ya zaro babbar lamba. Na ce wa Abdulmuhaimin shi ke nan, an sare ka.

Hajiya, da kin ga mijinki! Ya miƙe tsaye yana cewa zalunci ne, shi bai yi komai ba, ko sandarsa bai ɗaga ba, sallama ma ya yi. Na buɗe masa littafinsa na ce ya nuna mini inda aka ce sai ka yi wani abu. Liman ya sa rawani ya toshe baki. Na waiwayi Hammadu na ce saura sauran, ga su nan a tsaye, doka ta ba ka. Ya jujjuya hular a hannunsa, ya ce shi jaruminsa zai fara tambayarsu ko sun sha ruwa. Sai da na ji kunyar da ba tawa ba.

Kada ki ɗauka mijinki ya shiryu. Har gobe yana gardama wai na karya ƙa'ida, kuma yanzu wasan ya ƙara tsawo, don kowane dodo sai an tambayi asalinsa da abin da ya aikata kafin a taɓa shi. Amma washegari da kansa ya ɗauki goro ya tafi ruga, ban aike shi ba. Ya dawo ya ce Baffa Lado ya ce babu komai. Na ce mun shiga uku.

Ki dawo haka nan, wankan ya isa. Tuwon gidan nan ya gundure ni. Ki gaida Ramlat da maigidanta.
Naki har kullum, Malam Ɗantala.

Af, na manta. Raɗe-raɗin nan ya sake zagayowa, ya ƙara ƙiba. Yanzu wai ba samarin Rano ba ne, wani tsoho ne a Kibiya, da furfurarsa da carbinsa, ya tsufa bai san ya tsufa ba, yake tara yara yana kiwon dodanni da 'ya'yan tsamiya. Na ji a kasuwa, na ji a bakin masallaci. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe, da safiyar yau, yana kafa turke a tsakiyar gonarmu ta Fammar, shanu sun kewaye shi suna ta ɓarzar kara, ko kallona bai yi ba, shi ne Lado.