Takalmin da Ya Yi Ta Matsewa

Auta,

Sallama, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ban kira ki ba don na san kuka za ki sa min.

Likita ya ce ƙodojina duka biyu sun gaji, sai wankin ƙoda da inji sau biyu a mako. Kin tuna da kika ga ƙafata ta kumbura, kika ce na fara ƙibar masu hali? Ashe ruwa ne. Ni kuwa maɗinkin takalmi, da takalmi ya matse ni sai na buɗa shi, da ya ƙi na yanka fata na ɗinka sabo. Sau uku a shekara ɗaya, ina ta yabon hannuna! Shekara talatin ina auna ƙafar mutane, ban taɓa tambayar abin da ya sami tawa ba. Maganin hawan jini kuma, tun da kai ya daina sarawa na jefa shi cikin gwangwanin ƙusoshi. Wallahi na yi da-na-sani.

Ki gaida kowa.
Yayanki

Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Kukan da kake gudu na yi shi har na gode Allah.

Ka faɗi laifinka ka bar nawa. Wa ke aiko maka da maganin ciwon baya kwali-kwali daga shagon maganin da nake tsaro? Shekara shida! Na tambayi likita, ya ce yawan shansa kullum yana cinye ƙoda a hankali, ba tare da mutum ya ji komai ba. Ni da nake ganin taimakonka nake yi.

Ƙodata biyu, zan ba ka ɗaya. Maigidan ya yarda, kar ka ɓata bakinka. Laraba za a gwada ni.

Allah ya ba ka lafiya.
Ƙanwarka

Yaya,

Barka da war haka. Kwana tara ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Jininmu ya dace, amma ba za su karɓa ba. Sun tarar da suga a jikina, har ya fara taɓa tawa ƙodar. Na ce wa likitar, "Ni fa lafiyata ƙalau." Ta ce, "Haka yayanki ma ya ɗauka." Wai an gano da wuri, in na kiyaye zan daɗe ban ga injin wanki ba.

Ka yafe min, Yaya. Na sa maka rai a banza.

Ƙanwarka

Auta,

Sallama. Ba zan ɓoye miki ba, na sa rai, har na zuba wa keken ɗinki mai. Yau na lulluɓe shi da buhu.

Babu abin yafewa. Ki riƙe biyunki da kyau, yara na buƙatarki. Talata ki zo asibiti ki zauna kusa da ni wajen wankin. Awa huɗu ne, kuma ba ni da mai yi min surutu.

Yayanki